Gem Na Fita Garau, Fim Na Fita Dishi-dishi: Yadda Za Ka Gano Matsalar Faifai a PS da Xbox



A gidaje da yawa yanzu na'urar DVD ta daɗe da mutuwa, kuma babu wanda ya damu ya sayo wata, tunda waya da YouTube sun karɓe kallo. Amma faifan suna nan a cikin kwali: tsofaffin fina-finan Kannywood irin su Sangaya da Wasila, fina-finan Indiya, bidiyon waƙoƙi, har da faifan bikin yaya ko na su Mama wanda ba za ka taɓa samun sa a intanet ba. Abin da ya rage a ɗaki mai bakin karɓar faifai shi ne PS ko Xbox. Sai ka saka, sai ka ga abin haushi: ƙwallon da ka gama bugawa yanzu ta fito tar, har gumin ɗan wasa kana gani, amma fim ya fito kamar ana kallon sa ta cikin hazo.

Daga nan wani zai ce idon na'urar ne ya mutu, ya kwashe ta zuwa wajen mai gyara. Wani ya je ya sayo wayar HDMI mai tsada. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Hoton fim yana bi ta hannu huɗu kafin ya iso idonka: faifai, na'ura, waya, talabijin. Kowanne idan ya yi laifi akwai irin alamar da yake bari, kuma idan ka iya karanta alamar ka huta da asarar kuɗi. Abin da na tattara a nan ke nan.

Gwaji uku kafin ka taɓa komai

Na farko, cire faifan ka dubi shafin farko na na'urar, inda rubuce-rubuce da hotunan gem suke. Idan rubutun ya fito tsaf, gefensa a yanke kamar da reza, to wayarka da talabijin ɗinka lafiyarsu ƙalau, matsalar tana faifai ko saitin kallon fim. Idan shi ma rubutun dishi-dishi ne, to tun daga waya ko saitin fitar da hoto aka samu matsala, faifai bai da laifi tukuna.

Na biyu, saka wani faifan daban wanda ka san yana da kyau. Idan ya fito da kyau, ka gama gano mai laifi.

Na uku, ɗauki faifan da ake zargi ka gwada shi a wata na'urar, ko kwamfutar da ke da wurin faifai. Idan can ma haka yake, to haka aka haife shi.

Minti goma sun ishe ka yin wannan, kuma a ganina rabin matsalolin a nan suke ƙarewa.

Abin da ke cikin faifan tun asali

Nan ne gaskiyar da ba a son ji take. Kowane hoto a allo ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera, kuma kowane irin faifai akwai adadin ɗigon da yake ɗauka:

- VCD irin namu: 352 a kwance, 288 a tsaye. Wajen ɗigo dubu 101 ke nan.
- DVD irin namu: 720 da 576, wato ɗigo 414,720.
- Blu-ray: 1920 da 1080, wato ɗigo 2,073,600.
- Blu-ray na 4K: 3840 da 2160, sama da ɗigo miliyan 8.

Yi lissafi da kanka. Talabijin mai 1080 tana da ɗigo ninki biyar na abin da DVD ke ba ta. Mai 4K kuwa ninki ashirin. To sauran daga ina za su fito? Na'urar ce ko talabijin ke ƙirƙiro su da kintace, ta ja hoton ta shimfiɗa shi har ya cika allo. Kamar ka ɗauki hoton fasfo ka ce a buga maka shi girman kalanda. Fuskar za ta fito, amma kada ka nemi ganin gashin gira.

Shi ya sa fim ɗin da ka tuna yana fita rau a tsohuwar talabijin mai ƙeya, inci 14 ko 21, yanzu yake ba ka kunya a inci 55. Faifan bai canza ba. Waccan talabijin ɗin ce ke rufa masa asiri, ita kuwa wannan ba ta da kara.

Sannan ko a cikin DVD ɗin ma akwai hawa-hawa. Faifai mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar 4.7GB, mai biyu 8.5GB. Na 4.7GB an yi shi ne don ya ɗauki kimanin awa biyu da inganci. To ka tuna faifan nan da ake rubuta wa fim goma ko ashirin a ɗaya? Idan an cusa fim goma a 8.5GB, kowanne bai samu ko 1GB ba, alhali fim ɗin Indiya ɗaya kan kai kusan awa uku. Dole a matse hoton, a zubar da mafi yawan bayanansa. Alamar matsi ita ce: idan jarumi yana zaune yana magana hoton ba laifi, amma da an fara rawa, ko faɗa, ko ruwan sama, sai fuska ta farfashe ta koma gida-gida. Wurin duhu kuma sai ka ga dabbare-dabbare suna motsi a bango. Wannan babu saitin da ke gyara shi. Araha ba ta ado.

Akwai kuma faifan da sunansa DVD amma cikinsa VCD ne, ko ma kaset na VHS aka juyo. Tsofaffin fina-finanmu da yawa ta wannan hanyar suka iso faifai. Masana'antar ta faro ne a zamanin kaset, tun daga Turmin Danya a 1990, kuma kyamarorin lokacin iya abin da suka ɗauka ke nan. Idan ka ga wani layi yana rawa a can ƙasan hoto, ko launi yana zubowa daga jar riga zuwa gefe, gadon kaset ne. Ka karɓe shi a haka, tarihi ne.

Ka riƙe wannan: na'urar gem ba ta ƙara abin da babu a faifai. Iyakarta ta fito da abin da ke ciki ba tare da ta rage ba. Duk gyaran da zan kawo a ƙasa, na hana ragewar ne.

Wace na'ura ke karanta wane faifai

Kafin ka zargi na'ura da lalacewa, tabbatar an yi ta don wannan faifan.

- PS2, ta shekarar 2000: tana kunna DVD. Ba ta kunna VCD.
- PS3, ta 2006: DVD da Blu-ray. Tana kuma buɗe fayilolin bidiyo irin su MP4 da AVI da aka zuba a faifai.
- PS4, ta 2013: DVD da Blu-ray. Ba ta karanta CD kwata-kwata, don haka VCD da faifan waƙa na CD ba su da wuri. Ko PS4 Pro ba ta kunna Blu-ray na 4K.
- PS5, ta 2020: mai wurin faifai tana kunna DVD, Blu-ray da na 4K. Ita ma ba ta karanta CD.
- Xbox 360, ta 2005: DVD kawai, babu Blu-ray.
- Xbox One ta farko: DVD da Blu-ray. One S, One X da Series X sun ƙara da na 4K. Series S ba ta da wurin faifai.

Abu biyu da ke rikita mutane: PS4 tana buƙatar a haɗa ta da intanet sau ɗaya kafin ta fara kunna faifan fim, daga nan shi ke nan. Xbox One da Series X kuma sai ka sauke manhajar Blu-ray Player, kyauta ce. Mai tarin VCD kuwa, kwamfuta ce mafitarsa, ko ya nemi ƙaramar na'urar DVD.

Waya

Idan har yanzu wayar nan mai kai uku kake amfani da ita, ruwan ɗorawa da fari da ja, to ka samo ɓarawon. Fari da ja sauti ne. Hoton gaba ɗaya, haskensa da launinsa, ta cikin ruwan ɗorawar nan guda yake bi a cakuɗe, kuma ba ya wuce 576. Alamarta: rubutu dishi-dishi, wasu ƙananan ɗigo suna tafiya a gefen abubuwa kamar tururuwa, riga mai ratsi-ratsi tana walƙiya da launin bakan gizo. Da wannan wayar PS3 ta zo a kwalinta, shi ya sa za ka tarar da PS3 da yawa a gidaje suna aiki da ita shekara da shekaru, alhali ga ramin HDMI a baya yana zaman banza.

Mai PS3, ko Xbox 360 mai ramin HDMI, ya koma HDMI yau ɗin nan. Xbox 360 na farko-farko ba su da ramin, sai daga 2007 aka fara saka shi. Idan irin wannan gare ka, nemi waya mai kawuna kore da shuɗi da ja na hoto, kuma ka duba ɗan makunnin da ke jikin kanta, ka tura shi ɓangaren HDTV.

PS2 ba ta da HDMI. Mafi kyawun abin da za ka yi mata shi ne waya mai kai biyar: kore, shuɗi da ja na hoto, fari da ja na sauti, idan talabijin ɗinka tana da ramukansu. Bambancin a bayyane yake.

Game da HDMI kuma, kada wani ya cuce ka. Wayar HDMI ba ta sa hoto dishi-dishi, kuma mai tsada ba ta ƙara masa kaifi. Lambobi take ɗauka, ko su isa ko kada su isa. Idan ta lalace alamarta daban ce: fararen ɗigo suna ƙyalƙyali kamar taurari, allo yana ɗaukewa ya dawo, ko hoton ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Ka ga haka, canza waya ko ka gwada wani ramin. Mai kallon 4K ne kawai ke buƙatar tabbatar da wayarsa mai saurin ɗaukar 4K ce, kuma wadda ta zo da PS5 ko Series X ta wadatar.

Idan kuma wani faffaɗan layi ne ke hawa ko sauka a hankali a allo, musamman in an tayar da janareta, kuma kana kan waya mai kai uku, wannan daga wuta ne. Gwada jona talabijin da na'urar a soket ɗaya, ka nisanta wayar hoto da wayoyin wuta.

Saitin na'ura

Zan rubuta sunayen yadda suke a allo don ka gane su.

*PS2.* A System Configuration akwai Component Video Out, mai zaɓi biyu: RGB da Y Cb/Pb Cr/Pr. Mai waya mai kai biyar, ko ɗan abin nan da ake maƙalawa ya mayar da PS2 zuwa HDMI, ya zaɓi na biyun, in ba haka ba allo zai yi baƙi ko launi ya rikice. Idan gem yana fita daidai amma fim ya fito kore shar, wayar SCART ta RGB ce, irin mai faffaɗan kai da ke biyo na'urorin Turai. PS2 ba ta fitar da DVD ta RGB, sai ka canza waya. Sannan saitin fim daban yake da na gem: danna Select a hannun gem, shiga Setup, ka tsayar da fim ɗin gaba ɗaya, sannan ka mayar da TV Type zuwa 16:9 idan talabijin ɗinka mai faɗi ce.

*PS3.* Ni a wajena ita ce sarauniyar kallon DVD a cikin tsofaffin. Bayan ka jona HDMI, shiga Display Settings, Video Output Settings, ka bar ta ta zaɓi mafi girman abin da talabijin ke ɗauka. Idan allo ya ƙi nuna komai bayan canza waya, kashe ta, sannan ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, za ta sake neman talabijin da kanta. Daga nan shiga Video Settings, ka sa BD/DVD Upscaler a Normal. Wannan shi ne mai shimfiɗa hoton DVD da dabara, an ƙara shi ne a sabuntawa ta 1.80 a 2007, kuma a faifan kamfani masu kariya ta HDMI kaɗai yake aiki. Full Screen yana cika allo amma yana iya jan hoton, ni ba na son sa. Ana cikin kallo kuma danna alwatika, shiga AV Settings, akwai masu rage hayaniyar hoto: Frame, Block da Mosquito Noise Reduction. Ga faifai mai gida-gida, ɗaga Block kaɗan. Kada ka ƙure su, fuska za ta koma kamar ta roba.

*PS4 da PS5.* A PS4 hanyar ita ce Sound and Screen, sai Video Output Settings. A PS5, Screen and Video, sai Video Output. Bar Resolution a Automatic. Idan gem yana yi amma fim ya ƙi, duba Enable HDCP a ƙarƙashin System. Masu ɗaukar bidiyon gem suna kashe shi su manta, kuma faifan fim ba ya kunnuwa sai da shi. A PS5 ka sa HDR a On When Supported.

*Xbox One da Series X.* Shiga TV & display options, sai Video modes, ka kunna Allow 24Hz da Allow 50Hz. Na biyun ya shafe mu sosai. Faifanmu na tsarin PAL ne mai tafiya da 50, idan na'ura ta tilasta shi zuwa 60 sai ka ga hoto yana ɗan tuntuɓe duk lokacin da kyamara ta juya. Na farkon kuma na Blu-ray ne, tunda fim na sinima hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa. Akwai kuma Calibrate TV a nan, zai bi da kai mataki-mataki wajen daidaita haske.

Baƙi ya koɗe, ko duhu ya cinye komai

Wannan ta cancanci wurinta daban don tana yawan faruwa. Akwai ma'auni biyu na haske. Na fim da talabijin, Limited, yana farawa daga 16 ya tsaya a 235. Na kwamfuta, Full, daga 0 zuwa 255. Ba wai ɗaya ya fi ɗaya ba ne, abin da ake so na'ura da talabijin su yi magana da baki ɗaya.

Idan na'ura tana kan Limited, talabijin tana jiran Full, baƙi zai koma ruwan toka, hoton ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki. Idan na'ura tana kan Full, talabijin tana jiran Limited, sai duhu ya haɗiye komai: jarumi mai baƙar riga a cikin dare sai haƙoransa kawai za ka gani. Matasa da yawa suna zaɓar Full don sunan ya fi daɗi, daga nan matsalar ke farawa.

Mafi sauƙi, sa RGB Range a Automatic a PS4 da PS5, Limited a PS3, Standard a Xbox. A talabijin kuma nemi HDMI Black Level idan Samsung ce, ko Black Level idan LG ce, ka bar shi a Auto ko Low.

Talabijin

Yawancin talabijin suna ajiye saiti daban ga kowane rami, don haka ka yi gyaran fim yana kan allo.

Fara da yanayin hoto. Vivid ko Dynamic an yi su ne don talabijin ta ja ido a shago, suna ƙona launi su mayar da fatar mutum kamar an shafa mata manja. Koma Movie ko Cinema. Da farko zai yi maka kamar ya yi ja-ja, ba shi minti goma idonka zai saba. Game Mode kuma na gem ne, yana kashe wasu gyare-gyaren hoto don hannu ya yi sauri. Lokacin fim ba ka buƙatar saurin.

Sai Sharpness. Kowa ya ga dishi-dishi nan yake rugawa ya ƙure shi, kuma gyaran gangar Auzinawa ne. Ba ya ƙara komai, farin layi kawai yake zanawa a gefen abubuwa, ya kuma fito da dattin matsi fili. Rage shi sosai.

Idan fim ɗin Indiya ko na Amurka ya koma yana santsi kamar bidiyon biki, mai ƙara motsi ne a kunne. Samsung na kiran sa Auto Motion Plus, LG TruMotion, Sony Motionflow. Kashe shi. Idan hoto yana dusashewa da kansa, duba Eco ko Energy Saving.

Sai girman hoto. Tsofaffin fina-finanmu a 4:3 aka ɗauke su, don haka daidai ne ka ga baƙi a hagu da dama. Fina-finan sinima kuma sun fi allon faɗi, daidai ne ka ga baƙi a sama da ƙasa. Idan ka matsa sai allo ya cika, ko dai jaruma ta koma gajeriya mai faɗi, ko Zoom ya yanke kawuna da fassarar ƙasa, ya kuma ƙara dishi-dishin. Zaɓi Just Scan a LG, Screen Fit a Samsung, ko Original.

Ka kuma sani, talabijin masu inci 32 da yawa 1366 da 768 ne ainihin allonsu, ko da suna karɓar 1080. A irinsu Blu-ray ba zai nuna duk ƙarfinsa ba, amma DVD ya fi yin kyau a kansu fiye da a ƙatuwar 4K. Mai ƙatuwar kuma ga magani kyauta: ja kujera baya.

Tsayawa, tsalle da farfashewa

Datti ko ƙarce a faifai ba sa kawo dishi-dishi. Alamarsu ita ce fim ya tsaya cak, ya yi tsalle, ko hoton ya farfashe da kore da ruwan hoda na ɗan lokaci. Idan a wuri ɗaya yake yi kullum, faifan ne. Idan faifai daban-daban suna yi a wurare daban-daban, ko na'ura tana daɗewa tana ƙugi kafin ta karanta, to ido ne.

Wajen goge faifai, samu ƙyalle mai laushi irin na tabarau, ka goga daga tsakiya zuwa baki a miƙe. Kada ka bi zagaye, domin bayanan a zagaye suke kwance, ƙarcen da ya bi layinsu ya fi wanda ya gitta su ɓarna. In akwai maiƙo, ruwa da ɗan sabulu sun isa, ka bari ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da kananzir, suna cin robar. Makilin da ake gogawa yana kankare saman roba ne, a DVD wani lokaci a dace, amma kada ka kusanta shi da Blu-ray: bayanansa suna 0.1mm kacal daga fuska, na DVD kuwa 0.6mm. VCD da CD kuma ta bayansu suka fi rauni, ɓangaren rubutu. Ɗaga shi ga haske, in ka ga haske na ratsowa ta wasu ƙananan huji, wurin ya tafi har abada.

Juya faifan ka dubi cikinsa. Fari kamar azurfa, bugun kamfani ne. Ruwan shanshanbale ko shuɗi-shuɗi, na ƙonawa ne a kwamfuta, kuma kusan duk faifan biki irinsa ne. Wannan sinadarin rini ne a ciki, rana da zafi suna kashe shi a hankali, tsohon ido kuma shi yake fara ƙi. Idan kana da irinsa mai muhimmanci kuma har yanzu yana karantuwa, kada ka jira. Kai shi kwamfuta a kwafe shi zuwa filasha da wani wurin na biyu a wannan makon.

Game da ido: hasken da ke karanta DVD ja ne, na Blu-ray shuɗi ne, kuma daban suke. Shi ya sa PS3 kan iya karanta ɗaya ta ƙi ɗaya. Ƙurar hunturu babbar abokiyar gabarsa ce, rufe na'ura da ƙyalle in an kashe ta, amma ban da lokacin da take aiki. Kada ka ɗaga ta ko ka juya ta faifai yana ciki yana juyawa, nan ake samun ƙarcen nan mai zagaye. PS2 siririya da ake buɗe murfinta ta sama, kana iya goge idon a hankali da auduga. Sauran kuwa sai an kwance, ka bar wa mai gyara. Idan ya ce zai murɗa ya ƙara wa idon ƙarfi, ka sani na ɗan lokaci ne kuma yana gaggauta mutuwarsa. Garin neman gira kada a rasa ido. Gara a canza shi.

PAL, NTSC da yanki

Na'urorinmu yawanci tokumbo ne, wata daga Amurka, wata Turai, wata Japan. Najeriya tsarin PAL take bi, Amurka da Japan NTSC. Idan hoto ya fito baƙi da fari ko yana birgima a kan waya mai kai uku, tsarin na'ura da na talabijin ne suka saɓa. Duba Colour System a talabijin ka sa Auto. PS2 da PS3 na Amurka kuwa ba sa kunna DVD na PAL, ko da faifan ba shi da kullen yanki.

Kullen yanki shi ne lambar da ke bayan kwalin faifan kamfani. A DVD, Amurka 1 ce, Turai da Japan 2, Najeriya da Nijar da Indiya 5. A Blu-ray, Amurka da Japan A, Turai da Afirka B, Indiya C. Wannan ba ya rage kyan hoto, ƙin kunnawa yake sa wa gaba ɗaya, da saƙo a allo. Faifan da ke ɗauke da ALL ko 0 ba shi da kulle. Don haka kafin ka sayi tokumbo saboda kallon faifanmu, tambayi daga inda ta fito. Ta Turai ta fi dacewa da mu.

Alama da mai laifi a taƙaice

- Komai dishi-dishi har rubutun na'ura: waya mai kai uku, ko Resolution.
- Fim kaɗai ke dishi-dishi: ƙarfin faifan ke nan, duba Upscaler, rage Sharpness.
- Gida-gida lokacin rawa ko faɗa: matsi ne, nemi wani bugun.
- Tsayawa a wuri ɗaya: datti ko ƙarce.
- Tsayawa a kowane faifai: ido.
- Ƙyalƙyali ko ɗaukewar allo: wayar HDMI ko raminta.
- Koɗewa ko duhu: RGB Range da Black Level.
- Kore shar a PS2: wayar SCART.
- Baƙi da fari: PAL da NTSC.
- Mutane sun yi faɗi: girman hoto.

Shawarata ta ƙarshe, ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, ka duba, sannan ka wuce na gaba. Zaɓi wuri ɗaya a fim mai fuska kusa da ɗan duhu a baya, ka riƙa komawa kansa. Kafin ka taɓa kowane saiti kuma ɗauki hotonsa da waya, don ka san hanyar komawa. Idan ka bi duk wannan fim ɗin bai kai gem kyau ba, to iyakarsa ke nan, ka zauna ka ji daɗin labarin da waƙoƙin. Faifan bikin nan dai a kwafe shi tun yana karantuwa.